Game da taron 'yan Kweka da aka gayyace ki

Ƙanwata, kin ce kina karatu a Ingila, wata ƙawarki ta gayyace ki taron 'yan Kweka, wata ɗariƙar Kirista, kina so ki san ko da gaske ne suna karɓar kowa. Shekara uku na yi ina zuwa wani taronsu a arewacin ƙasar, don haka ganau ce ke ba ki labari.

Karɓa kam suna karɓa. Ba wanda ya taɓa tambayata addinina. Za ku zauna a da'ira, shiru na awa guda, babu fasto babu mai wa'azi, sai wanda abu ya taso masa a zuciya ya miƙe ya faɗi kalma biyu ya zauna. Tun zamanin George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar a shekarun 1650, haka suke ibada. An tashi, sai shayi da biskit. Su da kansu "Abokai" suke kiran juna, kuma a lokacin da kewar gida ta dame ni, shirun nan ya yi mini magani.

Inda na gaji shi ne zaman shawara. Ba sa jefa ƙuri'a. Magatakarda ne ke saurare, ya rubuta abin da ya ga an haɗu a kai, in ba a haɗu ba a ɗage. A baki abin sha'awa ne. Mu huɗu 'yan Afirka muka roƙi a ƙara wani zama da yamma, saboda biyu cikinmu aikin dare suke yi a gidan kula da tsofaffi, safiyar Lahadi barci suke. Wata tara ana abu ɗaya. Wallahi ba wanda ya ce a'a. Kullum dai wani dattijo zai ce zuciyarsa ba ta kwanta ba tukuna, sai a sake yin shiru, a kai maganar wata mai zuwa. Da an fito an ƙi, da mun san da wa za mu yi gardama. Wa zai yi gardama da shiru? Ran da na ɗan ɗaga murya, bayan taro wata baiwar Allah ta riƙe hannuna cikin murmushi, ta ce nan ba haka ake magana ba.

Daga baya na karanta tarihinsu, na ga halin ya daɗe. Suna alfahari da yaƙi da bauta, kuma sun cancanta. Amma Benjamin Lay, wani ɗan Kweka da ya takura wa masu bayi a cikinsu, korarsa suka yi a Filadelfiya ta Amurka a 1738. Sai a 1776 taron shekara na can ya haramta wa membobinsa mallakar bayi.

Wani abin kuma, ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan Kweka a duniya Kenya ce, tun da mishan daga Amurka suka sauka Kaimosi a 1902. Can akwai fastoci, akwai waƙa da wa'azi. Amma da wani ɗan Kenya ya rera baiti ɗaya a zamanmu, sai ka ga fuskoki sun sauya, kamar ya shiga ɗakin mutane da takalmi. Sau biyu ya ƙara zuwa.

Ki je, ba na hana ki. Sai dai kada ki tsaya a shayin. Ki nemi izinin zama a taron shawara ko sau biyu, ki lura da waɗanda ke magana da waɗanda ke wanke kofuna. Zaman yamman nan kuwa, har na tattara kayana na dawo gida yana cikin takardar magatakarda.