Tambaya da Amsa: Me ke hana saniya mai madara ɗaukar ciki?

Tambaya: Ina da saniya ruwa biyu, Friesian da Bokolo, tana ba ni lita 14 a rana. Wata biyar ke nan da haihuwarta, ban ga ta nemi sa ba. Ko ta zama juya ne? (Daga wani mai kiwo a Jega)

Amsa: Malam, kada ka yi saurin kai ta kasuwa. Fara da shafa bayanta. Idan haƙarƙarinta sun fito, ƙashin kwankwaso ya yi tsini, gindin wutsiya ya lotsa, to yunwa ce ta tsayar da ita. Saniya mai madara da yawa, a makonnin farko bayan haihuwa, abin da take zubarwa a hantsa ya fi abin da take ci, sai ta riƙa narka kitsen jikinta. Muddin tana ramewa, ƙwan haihuwarta ba ya nuna.

A nan ne masu kiwo a Kebbi kan yi asara, domin karan shinkafa ya wadata, yana cika tumbi amma ba shi da ƙarfi. Ka haɗa mata da harawar wake ko ta gyaɗa. Abincin ƙari kuma, wato dusar masara ko ta alkama da tunkuza ko angurya, ana ba da kilo 1 ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi. Taka tana buƙatar kamar kilo 6 a rana, a raba sau uku, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu don kada cikinta ya ɓaci. Angurya kada ta wuce kilo 2 a rana. Ka ajiye mata gishirin lasa mai sinadarin fosfaras, domin saniyar da ke gwiguyar ƙashi ko cin ƙasa, shi take nema. Ruwa kuwa kada ya yanke a gabanta. A bazara tana iya shan lita 80 zuwa 100.

Yana yiwuwa kuma tana neman sa, kai ne ba ka gani. Abin yana zagayowa duk kwana 18 zuwa 24, kuma a mai madara da yawa yakan wuce cikin 'yan sa'o'i, galibi da dare. Saniyar da aka ɗaure ita kaɗai a turke ba ta da wadda za ta hau ta. Ka sake ta cikin 'yan'uwanta bayan sallar asuba da kuma bayan magariba, ka tsaya minti 20 zuwa 30 kana kallo. Babbar alama ita ce ta tsaya cik idan wata ta hau ta. Sauran su ne yauƙi garai-garai kamar farin ƙwai yana tsiyaya a wutsiya, kumburin gaba, yawan kuka, da raguwar madara ran nan. In jini kaɗan ka gani, an makara da kwana biyu. Rubuta ranar, ka sa ido daga kwana 17.

Idan ta murmure, wata guda ya wuce shiru, a kira likitan dabbobi ya duba mahaifa, ya kuma gwada jininta ko akwai sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Kada ka yarda a yi mata allurar tayar da sha'awa ba tare da an duba ba: in da ciki, wata allurar ɓarar da shi take yi.

Tambaya: Sau uku ana yi wa saniyata barbarar zamani, ana sa mata maniyyin sa da hannu, kuma tana sake neman sa bayan mako uku. Laifin wa? (Daga wata mai kiwo a Birnin Kebbi)

Amsa: Hajiya, a fara da lokaci. Wadda aka ga ta tsaya an hau ta da safe, a yi mata da yamma. Wadda ta tsaya da yamma, gobe da sassafe. Sai ki lura da aikin mai sa maniyyin. Daga tulun sanyi da ake ajiye shi a daskare ya kamata ɗan bututun maniyyin ya fito kai tsaye zuwa ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37, na daƙiƙa 30 zuwa 45, a goge shi, a sa cikin minti 10 zuwa 15. Wanda ya narkar da shi a gida ya ɗauko a aljihu, matacce ya kawo miki.

Idan yauƙin ya gauraya da mugunya ko yana wari, mahaifa ce ta kamu, sai an yi magani tukuna. Zafin Maris zuwa Mayu ma yana kashe ciki tun yana 'yan kwanaki, don haka rumfa mai tsayi da watsa ruwa da rana ba ƙawa ba ne. Ba a kuma barbara kafin kwana 45 zuwa 60 da haihuwa. Bayan an yi, likita ya tabbatar da cikin a kwana 45 zuwa 60. In an gyara duk wannan ta sake dawowa, a gwada ta da lafiyayyen sa.

Tambaya: Shanuna biyu sun yi ɓari a wata na bakwai, mabiyiya ta ƙi faɗuwa. (Daga wani makiyayi a Argungu)

Amsa: Malam, wannan ya yi kama da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, musamman in akwai mai kumburin gwiwa a garken. Ware su yau, ka binne ɗan tayin da mabiyiyar a rami mai zurfi, kada ka taɓa da hannu tsirara, domin cutar tana kama mutum. Madarar gidan duka a tafasa ta kafin a sha. Mabiyiyar da ta wuce sa'a 24 kada a ja ta, kada a ɗaura mata dutse, mahaifa take yagawa. A gwada jinin garken har da san, kuma ka daina ba da aronsa sai sakamako ya fito.