Batirin tsohon babur yana mutuwa duk da an sa sabo

Malam, ka ce Jincheng ɗinka ya tsufa, ka sa sabon batir amma bayan kwana kaɗan hon ya shaƙe, fitila ta yi ja. Don Allah kada ka sake sayen wani batir tukuna, da alama caji ne ba ya shiga.

Nemi mitar auna wuta wurin mai gyaran wayarin, ka ɗora ta a kan batir. Babur a kashe, lafiyayyen batir zai nuna wajen volt 12.6. Ka tayar, ka ɗan murɗa totur: ya kamata awon ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In awon bai motsa ba, ko kwayil ɗin magneto (wanda ke samar da wuta) ya ƙone, ko rektifaya (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir). In kuma ya haura 15, rektifayar ce ta lalace, shi ya sa ƙwan fitila ke yawan ƙonewa, ruwan batir yana ƙafewa.

Amma kafin ka canza komai, buɗe murfin gefe ka duba kan batir. Wannan farin garin da ke taruwa a kansa yana hana wuta wucewa. Kankare shi, ka ɗaure noti tamau. Wayar da aka ɗaure a jikin firam ma tana cin tsatsa, musamman bayan damina. Duba fis kuma.