Wel mai doro ya fi dogara da kitsensa a hanya

Malam, ka tambaya me wel mai doro, wato ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, yake ci a doguwar tafiyarsa cikin teku. Kusan ba ya cin komai. Daga Disamba zuwa Maris yana kiwo a ruwan sanyi na Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, yana haɗiyar ƙananan jatan lande har ya tara kitse mai kauri. Da wannan guzurin yake nufo ruwan ɗumi, irin na gaɓar Gabon, inda ake ganinsa daga Yuli zuwa Oktoba don barbara da haihuwa. Uwar ma da kitsen jikinta take shayar da ɗanta, shi ya sa take komawa kudu a rame.

Sai dai in ya tarar da abinci ba ya wucewa. Ɗalibaina a nan Jos sukan ɗauka ko'ina a teku cike yake da abinci, sai in kawo musu misalin makiyayi da rani: ciyawa sai fadama. Tsakiyar teku mai ɗumi kamar faƙo take. Abinci yana taruwa ne inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, kamar gaɓar yammacin Afirka ta Kudu, kuma a can an ga garken wel sun tsaya kiwo.