Filin Tambaya da Amsa: Me Ke Kwance Notin Digar Jirgin Ƙasa?

Tambaya: Injiniya, ni makaniki ne a Zariya, garejinmu yana kusa da tsohon layin dogo. Ina ganin notin da ke mahaɗar diga suna saki, wasu ma sun faɗo, alhali kowanne da washa mai tsaga a ƙarƙashinsa. Me ke kwance noti mai kaurin nan, kuma me zai hana?

Amsa: Malam, abin da ke riƙe noti shi ne jan da ke cikin bol ɗin. Idan aka ɗaure shi sosai, bol yana ɗan miƙewa kamar roba, ya matse ƙarafan haɗi biyu, waɗanda ke rungume bakin digogi biyu a mahaɗa, a jikin digar, kuma wannan matsin ne ke sa tiredi, wato zaren da ke jikin bol da noti, ya kama juna. Duk ranar da jan ya ragu, notin ya zama ɗan rakiya.

Hanya biyu yake raguwa. Ta farko ba a ganin noti ya juya ko kaɗan. Sabon ƙarfe yana da kaushi, da fenti, da ɓawon tsatsa. Jiragen farko da suka bi ta kai sai su niƙe waɗannan, ƙarafan su zauna, jan bol ya ragu. Shi ya sa sabuwar mahaɗa take buƙatar a koma a sake ɗaure ta bayan 'yan makonni, kuma wannan komawar ce aka fi yin sakaci da ita.

Ta biyu ita ce mai haɗari. Duk tayar da ta taka mahaɗa tana danna bakin diga ɗaya ƙasa kafin ɗayan, sai ƙarafan su goga juna a kaikaice da bol ɗin. A 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna cewa wannan zamewa ta gefe ce ke kwance noti, fiye da girgizar da ke bin tsawon bol. A daidai lokacin zamewar kamun tiredi yana ɓacewa, noti ya juya ɗan ƙiris, taya ta gaba ta ƙara. A na'urar gwajin da ke ɗauke da sunansa, washa mai tsaga ba ta taɓuka abin kirki: tana bajewa tun kafin bol ya kai ƙarfin da ake so, daga nan ba ta da bambanci da washa ta yau da kullum.

Don haka gyara daga ƙasa yake farawa. Idan tsakuwar da ke ƙarƙashin mahaɗa ta zaizaye, falankan da digar ke kwance a kai suna lilo, ko da wane irin noti aka sa sai ya saki. A cusa tsakuwa a daddanne ta tukuna. Sannan a kankare tsatsa, a shafa giris a tiredi da inda ƙarfen haɗi ke taɓa diga, a fara ɗaure bol biyu na tsakiya kafin na gefe, da sifana mai ma'auni, a kan adadin da aka ƙayyade wa girman bol ɗin. Girisin yana da muhimmanci, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu ke sawa a sifana gogayya ce ke cinye shi. A busasshen tiredi mai tsatsa sai ma'auni ya cika alhali bol bai miƙe ba. A ƙarshe a ja layin fenti daga noti zuwa ƙarfen, mai sintiri ya gane da ido in ya motsa. Jan garin tsatsa a gindin noti, ko amo maras kauri idan aka ƙwanƙwasa da guduma, su ma alamun saki ne.

Inda girgiza ta yi yawa ana sa washa ko noti mai kulle kansa. Nord-Lock washa biyu ce mai haƙora masu gangara, gangarar ta fi ta tiredi tsayi, sai noti ya kasa juyawa baya. Hardlock na Japan, wanda ake amfani da shi a layin Shinkansen, jirgin ƙasarsu mai tsananin gudu, noti biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya a ɗan karkace ya cije bol.

Tambaya: Me zai hana a ɗaure shi iya ƙarfi, ko a yi masa walda kowa ya huta? Daga wata ɗalibar injiniya a Kaduna.

Amsa: Malama, diga tana numfashi. Sandar diga mai tsawon mita 18, idan zafinta ya ƙaru da digiri 40, tana ƙara kusan milimita 8, kuma tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara a Arewa ƙarfe yana ganin irin wannan bambanci. Ramukan bol an yi su da ɗan faɗi don digar ta samu wurin zamewa. Idan aka ƙulle mahaɗa tamau, zafi zai iya lanƙwasa layin, sanyi kuma ya tsinke bol. Walda a kan noti tana lalata ƙarfin ƙarfen bol, kuma ta hana a sake ɗaure shi idan jansa ya ragu, sai ya zauna a sake amma a ido kamar lafiya lau. Waldar da ke da amfani ita ce ta haɗe digar kanta ta zama doguwa babu mahaɗa, a riƙe ta a kan falankan kankare da maƙalai masu tauri irin na Pandrol, waɗanda ba su da tiredin da zai kwance. Irin ginin da ake yi wa layukan zamani ke nan.

Tambaya: Noti ɗaya ko biyu za su iya kayar da jirgi da gaske? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ƙwarai kuwa, musamman a wurin canjin layi, inda sanduna masu noti ke riƙe harsunan diga biyu, wato siraran digogi masu motsi da ke karkatar da jirgi zuwa wani layi, a tazara ɗaya. A Potters Bar ta Ingila, ranar 10 ga Mayu 2002, notin waɗannan sanduna sun saki, harshen diga ya motsa jirgi yana bi ta kai, mutum bakwai suka rasu. A Brétigny kusa da Faris, ranar 12 ga Yuli 2013, ƙarfen haɗi ya rasa bol uku cikin huɗu, ya juya a kan na ƙarshen ya cushe hanyar taya. Nan ma mutum bakwai. A wuraren biyu, lalacewar ta ɗauki lokaci tana taruwa kafin ranar. Wanda ya ga noti ya faɗo ko an cire maƙalan diga, kada ya taɓa da kansa: ya lura da alamar kilomita mafi kusa, ya sanar da shugaban tashar jirgin da ke yankin tun kafin jirgi na gaba ya taso.