Yadda tauraron ɗan Adam ke gane iskar da ke cikin hayaƙi

Ka tambaya yadda ake bambance hayaƙin gobarar daji da na dutse mai aman wuta daga sama. Malam, na'urar ba shinshina take yi ba, haske take karantawa. Kowace iska tana shanye wani ɓangare na hasken rana, sai a duba abin da ya ɓace a hasken da ya dawo daga ƙasa. Alamar dutse salfa dayokside ce, ta gobara kuwa kabon monokside.

Tauraron ɗan Adam Sentinel-5P na Turai, wanda aka harba a 2017, yana auna duka biyun, sai dai gajimare na yi masa shamaki, da dare kuma makaho ne. A 1991 na'urar TOMS, ta wani tauraron ɗan Adam na Amurka, ta auna kusan tan miliyan 20 na salfa dayokside daga dutsen Pinatubo na Filifin.