Tambaya da Amsa: An Yi Mini Aikin Idon Sawu, Yaushe Zan Koma Fili?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, shekarata 24, lamba bakwai nake bugawa, kuma da ƙwallon nake riƙe kaina da iyayena. Sau huɗu ƙafata ta dama tana gurɗewa cikin shekara guda, a na ƙarshe jijiyoyin idon sawun suka tsinke, aka yi mini tiyata. Yau mako bakwai ke nan. Zafi ya tafi, na ajiye sanda, ina tafiya garau. Koci sai kirana yake, kwantiragina kuma saura wata biyar. Na ji an ce manyan 'yan wasa kan koma cikin wata biyu da rabi. Zan iya shiga atisaye da 'yan ƙungiya mako mai zuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Ba mako mai zuwa ba. Na san ba haka ka so ji ba, amma ka saurare ni.

Wata biyu da rabin da ka ji yana da tushe. A 2016 an wallafa wani bincike na likitan ƙashi James Calder na Landan da abokan aikinsa, kan ƙwararrun 'yan wasa 42 da aka ɗinke wa jijiyoyin gefen waje na idon sawu. Cikin waɗanda jijiyoyin kaɗai suka tsinke musu, rabinsu sun koma atisaye cikin kwana 63, rabinsu sun buga wasa cikin kwana 77. To ka lissafa: kai kwananka 49. Ko waɗannan da mai gashi, wato likitan gashin ƙashi, ke kula da su safe da yamma, yawancinsu ba su shiga atisaye a inda kake ba. Sannan su an yi musu aiki ne da ɗumi-ɗumin raunin. Taka ƙafar ta shekara tana gurɗewa, jijiyar ta saki, naman da ke kewaye ya yi sanyi, duk sai an sake gina su.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa mini ba, shi ne kuwa na fi son ji: me likita ya tarar a ciki? Jijiyoyi uku ne ke ɗaure idon sawu ta waje. Ta gaba ce ke fara tsinkewa, sai ta tsakiya da ke gangarowa zuwa ƙashin diddige. Aikin da aka fi yi shi ne wanda Lennart Brostrom na Suwidin ya bayyana a 1966, wani likita mai suna Gould ya yi masa ƙari a 1980: a jawo jijiyar a ɗinke ta a mazauninta, a ƙarfafa ta da tantanin da ke kusa. Idan iyakar abin ke nan, hanyarka mai sauƙi ce. Amma idan guringuntsin da ke saman ƙashin gaɓar ya ɓantare, ko jijiyar da ke haɗa ƙasusuwan ƙwauri biyu ta taɓu, lissafi ya canza. A wancan binciken ma, masu ƙarin rauni, kamar na guringuntsi, sai da suka kai wajen kwana 105 kafin su buga wasa. Guringuntsi ba shi da hanyar jini irin ta nama, shi ya sa warkewarsa ke da nawa. Matsalar idon sawu ce ta raba shahararren ɗan wasan Holan, Marco van Basten, da ƙwallo: wasansa na ƙarshe a 1993 ne, ya yi ritaya a 1995 yana ɗan shekara 30, bayan tiyata a kan tiyata. Ka koma wurin likitanka, ka roƙe shi ya karanta maka rahoton aikin dalla-dalla.

Maganar "zafi ya tafi" ita ce ke ba ni tsoro, don na taɓa yarda da ita. Shekarun baya ina kula da wani yaro ɗan baya, mai kuzari da biyayya. A mako na tara ya ce mini ba ya jin komai, gudunsa a miƙe lafiya lau, ni kuma na sa masa hannu ban gwada shi a juyi ba. Minti ashirin da shigarsa ya yi tsalle, ya sauko kan ƙafar abokin karawa, ta sake gurɗewa. Laifin nawa ne, har yau yana damuna. Zafi shi ke fara tafiya. Abin da ke dawowa a ƙarshe shi ne sanin da ƙafa ke yi wa kanta. A cikin jijiyar akwai 'yan ƙananan kafofin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda tafin ƙafa ya karkata, sai naman gefen ƙwauri ya ja ta ya daidaita kafin ma ka ankara. Tsinkewa na lalata wannan saƙo, allurar likita kuma ba ta ɗinke shi. Sai da horo, kullum, har ya gundure ka.

Don haka ka daina duba kalanda, ka duba ƙafar. Ka tsaya kan ta dama ita kaɗai, ido a rufe, rabin minti ba tangaɗi. Ka ɗaga diddige a kanta sau ashirin zuwa ashirin da biyar, tsayinsa daidai da na hagu. Ka fuskanci bango, ka tura gwiwa ta taɓa shi diddige na ƙasa, ka auna tazarar yatsunka da bangon a ƙafafu biyun. Idan ta dama ta cije, saukarka daga tsalle ba za ta yi kyau ba. Daga baya, in mai gashinka ya yarda, sai tsalle da ƙafa ɗaya, a nan muna neman ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Gudu a miƙe ya fara, sai zagaye, sai yanke na bazata irin wanda lamba bakwai ke yi, sai taɓa ƙwallo, haɗa jiki da mutane shi ne na ƙarshe. Alƙalinka a kowane mataki shi ne washegari da safe: idan ƙafar ta kumbura ko ta sage, ka koma baya taki ɗaya.

Kada ka manta da ƙugu. An yi wa Stephen Curry, ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, aikin idon sawu a 2011 da kuma 2012, a kakar da ke tsakani wasa 26 kacal ya buga, har ana ganin ya ƙare. Ya mayar da hankali kan ƙarfafa ƙugu da cinya don nauyin juyi ya bar idon sawun, yana kuma ɗaura abin kariya a wasa. A 2015 da 2016 shi ne gwarzon ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kai ma ka ɗaura abin kariya ko filasta a kakarka ta farko, babu abin kunya a ciki.

Game da koci, kada ka yi jayayya da shi kai kaɗai. Likita ya rubuta masa matakan da ranar da za a sake gwada ka. In komai ya tafi daidai, komawa fili cikin wata uku zuwa huɗu daga ranar aikin ba abin mamaki ba ne, ka ga kana da sauran lokacin nuna kanka kafin kwantiragin ya ƙare. Idan kuwa ka sake tsinka ta, aiki na biyu kan buƙaci a ɗebo wata jijiya a dasa, jinyarsa ta fi tsawo.

In kana shan taba ka ajiye, tana hana ɗinki kamawa. Idan ka ga wurin aikin yana ruwa, ko zazzaɓi, ko sha-raɓarka ta kumbura tana zafi, ko bayan ƙafar ya mutu ba ka jin taɓi, ka je asibiti a ranar. Ka sake rubuto mini da abin da rahoton ya ce da sakamakon gwajin bangon, sai mu tsara makonni huɗu masu zuwa.