Biskit ɗin da likita ke ba yaro: a raba wa yayyensa?

Tambaya: Ɗana yana da wata goma sha huɗu. Da aka auna damtsensa a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ma'aunin ya nuna ja, sai suka fara ba mu biskit na tamowa kowane mako. Yayyensa biyu suna kuka in yana sha. Laifi ne in ɗan gutsura musu? Daga wata uwa a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Na san zuciyar uwa ba ta jure kukan ɗa, amma don Allah kada ki raba. Ja yana nufin kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, wato tamowa mai tsanani. Abin da aka ba ki magani ne, ko da yake da gujjiya, madarar gari, mai da sukari aka yi shi, aka ƙara sinadaran gina jiki. Kowane ƙunshi giram 92 ne, kuma da nauyin yaron ake lissafa adadin da zai sha. Kin gutsura, lissafi ya ɓaci, ran awo a ga bai ƙaru ba a yi zaton wata cuta ce.

Ki ba shi shi kaɗai, bayan nono, da ruwa mai tsabta a kusa, domin abin yana sa ƙishi. Kada a dama shi cikin kunu ko ruwa. In ya ƙi sha, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko zawo da amai suka kama shi, kada ki jira ranar awo, ki koma nan take. Irin wannan a CRENI, wato sashen asibiti na yara masu tamowa mai tsanani, ake kwantar da shi, a fara da madara ta musamman. Kulawar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a Nijar tun 2006.

Yayyen fa? Ki je da su a auna su. Sannan abin da ni ya fi damuna: mata da yawa suna karɓar biskit su wuce, ba su tsaya wurin koyar da damun kunu ba, alhali shi ne zai riƙe gidan bayan an sallami yaro. Kunun gero zalla cika ciki kawai yake yi. A zuba garin wake soyayye ko ƙuli-ƙuli, da garin zogale, da ɗan cokalin mai, a dama da kauri. Duk ana samun su a kasuwar Dole, kuma yaran uku za su iya sha tare.